Kundin aikin yaƙin Quatre Bras a kan tebur

14 ga Disamba

Kaya sun iso. Abokin aikina da ya je kwas Ingila ya dawo, ya riƙo mini akwatuna takwas na ƙananan sojojin roba masu ma'aunin 1/72, wato soja ɗaya tsayinsa bai kai santimita biyu da rabi ba. Biyu na dakarun ƙasa na Faransa ne, ɗaya na Ingila, ɗaya na 'yan Sikotland masu siket, ɗaya na Holan da Beljiyam, ɗaya na mahaya masu sulken ƙirji, ɗaya na mahaya masu mashi, na ƙarshe igwa da masu harba ta. Akwatin dakaru yana ɗauke da wajen mutum 48, na mahaya bai kai rabin haka ba. Duka sun tashi naira 165,000.

Yaƙin da nake son shimfiɗawa a kan tebur, in buga shi kamar wasa da waɗannan sojoji, shi ne na Quatre Bras, ranar 16 ga Yuni, 1815, kwana biyu kafin yaƙin Watalu (Waterloo), inda aka yi wa Napoliyon, sarkin Faransa, kayen ƙarshe. Wata mararraba ce a kudu da Burasels, a ƙasar da yau ake kira Beljiyam, inda hanyar Charleroi zuwa Burasels ta gitta hanyar Nivelles zuwa Namur. Wannan hanya ta biyun ita ce ta haɗa rundunar Welinton, kwamandan Birtaniya da ƙawayenta, da ta abokin ƙawancensa Blücher na Furushiya. Napoliyon ya nufi Blücher a ƙauyen Ligny, ya damƙa wa Mashal Ney ɓangaren hagu, ya ce ya kama mararrabar. Lokacin da Ney ya fara hari wajen ƙarfe 2 na rana, mutanen da ke gabansa ba su wuce 8,000 ba, da igwa 16. Kafin duhu ya shiga Welinton ya tara sama da 30,000 a wurin, mararraba kuwa ba ta faɗi ba.

Ni kaɗai zan buga, ni ne Faransa, ni ne kuma abokan gabarta. Dalilin da ya sa na fifita wannan yaƙi a kan Watalu ke nan. A Watalu, in ka ɗebe Furushiyawa, kowa yana fili tun safe. A nan kuwa runduna guntu-guntu take shigowa, kuma wanda ke cikin filin bai san wa zai iso ba, balle yaushe.

19 ga Disamba

Wajen kafinta. Fallen filawud ƙafa 8 ne a 4. Na ce ya rage shi zuwa 6 a 4, ya raba gida uku, don in iya jingine shi a bayan kabad.

"Malam, ba za a yi masa ƙafafu ba?"

"A'a, maigida, a kan teburin falo zan riƙa ɗora shi."

Filawud naira 22,000, aiki 4,000. Ya ba ni buhun dusar katako kyauta, ya ce in tankaɗe ta kafin in yi amfani da ita.

22 ga Disamba

Yau lissafi kawai na yi, da rula da takarda. Santimita 1 a tebur zai zama mita 20 a ƙasa. Faɗin teburin daga yamma zuwa gabas ya ba ni kilomita 3.6, daga kudu zuwa arewa kilomita 2.4. Mararraba za ta zauna kusa da bakin arewa. Gidan gonar Gemioncourt, wanda ke kan babbar hanya kimanin kilomita ɗaya kudu da ita, zai zo wajen tsakiya. Kurmin Bossu a yamma, tafkin Materne a gabas, ƙauyen Piraumont can kudu maso gabas.

Bindigar wancan zamani ba ta da saiti in an wuce mita 100, saboda haka santimita 5 na ba ta. Igwa in ta harba dunƙulen ƙarfe, santimita 50. In ta harba gwangwanin da aka cika da ƙananan harsasai, santimita 20, amma ɓarnarsa ta fi. Kowace bataliya mazauni biyu na kwali mai kauri, kowanne santimita 4, da soja huɗu a kai. In na jera su gefe da gefe, sahu ne, faɗinsa mita 160, daidai da abin da mutum 600 za su ci in sun tsaya biyu-biyu irin na Ingilishi. In na sa ɗaya a bayan ɗaya, dunƙule ne, irin wanda Faransawa suke kai hari da shi. In suka ba juna baya, murabba'i ne, wanda ake yi don tare doki.

Kowane zagaye minti 20 ne na yaƙi. Daga ƙarfe 2 zuwa 9 na dare, zagaye 21.

27 ga Disamba

Allunan nan uku sun lanƙwashe. Na shafe fuskarsu da farin gam na kafintoci da aka tsinka da ruwa, na barbaɗa dusar katako da na rina kore, na bar su a tsakar gida. Iskar hunturu ta busar da saman nan da nan, ɓangaren da ya sha ruwa ya ja, bakin kowane allo ya ɗaga har yatsa yana shiga ƙarƙashinsa. Da na haɗa su a kan tebur sai ga tudu a kowane mahaɗi, hanyar Namur ta karye gida uku.

Kafinta ya ce haka filawud yake yi in an jiƙa masa fuska ɗaya. Ya sa na shafa wa bayan irin wannan gam ɗin, muka kifa su a daɓen siminti, muka danne da bulo, sannan ya buga wa kowanne siraran katako biyu a baya. Ƙarin naira 3,500. Biyu sun miƙe sarai. Na gabas har yanzu yana da ɗan doro, amma a wajen ne ƙasa take ɗan hawa zuwa Piraumont, sai na bar shi.

30 ga Disamba

Fenti na ruwa mai kala 12, naira 7,500. Ƙananan buroshi uku, 2,400. Na fara da dakarun Bachelu, ɗaya daga cikin janar-janar ɗin Faransa da ke ƙarƙashin Ney.

2 ga Janairu

Aikin kwana uku ya tafi. Robar sojojin nan mai laushi ce, kuma tana zuwa da wani maiƙo daga masana'anta. Da na ɗaga bataliyar farko don in manna ta a mazauninta, bakin bindigar wani ya ɗan tanƙwara a hannuna, fentin ya ɓare kamar ba a taɓa shafa shi ba. Na gwada sauran da farce, shuɗin riga yana fita falle-falle. Waɗanda na shanya kusa da taga kuma ƙura ta zauna a kan farin wandonsu tun fentin yana ɗanye, sun koma ruwan ƙasa.

Na zuba su duka cikin ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, na goge da tsohon buroshin haƙori. Sabon tsari: wanki tukun, a bushe, a shafa farin gam tsinkakke siriri, ya kwana, sannan fenti, sannan a sake rufewa da gam. Gam ɗin in ya bushe yana zama wata fata mai lanƙwasuwa tare da robar. Shanya kuwa a cikin kwalin taliya mai murfi. Wani abin da hunturu ya jawo shi ne fenti yana bushewa a bakin buroshi kafin ya kai jikin soja. Na jiƙa soso, na shimfiɗa takarda a kai, ina ɗiga fentin a kan takardar; yanzu yana kai awa ɗaya bai daskare ba.

5 ga Janairu

Bataliya huɗu na Faransa sun kammalu. Igwa biyu.

8 ga Janairu

'Yan Holan da Nassau, wata ƙaramar masarautar Jamus da ke ɓangaren Welinton. Na Nassau kore suke sawa, na Holan shuɗi, kuma daga nesa shuɗin nan bai da maraba da na Faransa. A ranar ma kama ta yi aiki: mahayan Beljiyam na rejimanti ta 5, na birged ɗin van Merlen, korayen riguna ne da su masu kama da na mahayan Faransa, kuma da suka juyo a guje bayan sun kara da mutanen Piré, kwamandan mahayan Faransa, sojojin Birtaniya suka buɗe musu wuta. Na rubuta wannan cikin dokoki: duk lokacin da mahayan van Merlen suka ja da baya ta gaban dakarun Birtaniya, a jefa dayis na ludo, in 1 ta fito a harbe su.

Gonaki: na sayi tabarmar goge ƙafa mai gashin kwakwa guda biyu, naira 5,000, na yanka su gunduwa-gunduwa. Hatsin da ke filin a ranar, dangin alkama da sha'ir, ya kai tsayin mutum, kamar yadda gero yake rufe mai tafiya a ƙarshen damina. Da na tsayar da soja a cikin gashin tabarmar, hularsa kawai nake gani. Haka nake so. Kurmin Bossu na yi shi da soson katifa da tsinken tsintsiya. Kurmin kansa babu shi yanzu, an sare shi bayan yaƙin da wasu shekaru, sai a tsofaffin taswirori ake ganin iyakarsa.

11 ga Janairu

Wasan gwaji na farko. Sojojin da aka yi wa fenti ba su kai sulusin abin da ake buƙata ba, sauran na yanka kwali na rubuta sunan kowace bataliya a kai.

Dokokin sun yi tafiya ba laifi. Kowane birged yana da katinsa, a cakuɗa, wanda ya fito shi zai motsa. Harbi da gwabzawa da dayis na ludo. Amma wasan ya mutu tun a zagaye na biyar. Ney ya tattara dakarun Bachelu da na Janar Foy da mahayan Piré gaba ɗaya, ya bi babbar hanya bai waiwayi kurmi ba, ya kewaye Gemioncourt ya bar ta a baya, ƙarfe 3:20 tutar Faransa tana kan mararraba. Picton, janar ɗin Birtaniya mai kawo ɗauki, ya iso ya tarar an gama.

Na sake shimfiɗawa da yamma, abin da ya faru ke nan. Laifin ba na dayis ba ne. Ney na kan teburina ya san cewa mutum 8,000 ne a gabansa, ya san kurmin ba kowa sai 'yan Nassau, ya san Picton zai iso ƙarfe 3, domin ni na sani. Ney na gaskiya sai da yammacin 15 ga Yuni ya karɓi wannan ɓangare, kusan ba shi da hafsoshin ofis, bai gama sanin kwamandojin da ke ƙarƙashinsa ba. Reille, mai babbar runduna ta 2, ya yi shekaru yana fama da Welinton a Sifen, ya kuma gargaɗe shi cewa al'adar Ingilishi ce su ɓoye a bayan tudu, sai an zo gab su miƙe. Mutumin da aka faɗa wa haka, yana kallon kurmi a hagunsa da dogon hatsi a gabansa, ba zai ruga ba. Muddin ina ganin komai daga sama, abin da nake bugawa ba Quatre Bras ba ne.

12 ga Janairu

Ɗan yayata ya kwana a gidan. Ya daɗe a tsaye yana kallon teburin, sai ya ce, "Kawu, to a cikinsu wanne ne naka?" Na ce duka. Ya ce, "Ai kuwa masu siket ɗin nan ka fi so, su kake sa wa a wuri mai kyau."

Yaron ya ga abin da yake akwai. Wanda ya ɓata dare yana zana wa soja tufafinsa layi-layi, hannunsa zai ƙi tura shi bakin igwa. Matsala ta biyu ke nan, kuma maganinta ɗaya da ta farko: a karɓe wasu hukunce-hukunce daga hannuna.

18 ga Janairu

Mako guda ban taɓa buroshi ba, dokoki nake ta juyawa.

Lokacin da Laftanar von Reisswitz ya nuna wa manyan sojan Furushiya wasansa na yaƙi a kan taswira a 1824, ginshiƙin abin shi ne alƙali, mutum na uku da ya san komai, yake gaya wa kowane ɓangare iyakar abin da idonsa zai iya gani. Wanda ya amince da wasan ya kuma yaɗa shi a rundunarsu shi ne Janar von Müffling, kuma shi ne jami'in da Blücher ya ajiye a wajen Welinton a 1815. Ya ga yadda saƙo yake makara a kwanaki huɗun nan, 15 zuwa 18 ga Yuni, da idonsa. Ni ba ni da alƙali, dole takarda ta yi aikinsa.

Kwalayen da na yanka don cike gurbin sojojin da ba su da fenti su suka ba ni mafita. Yanzu duk abin da ke ɓangaren Yariman Orange na Holan, wanda yake riƙe da mararrabar kafin Welinton ya iso, a farkon wasa zai fara ne a matsayin kati a kife. Kati 16, wasu na gaske, wasu babu komai a jikinsu. Na shirya ambulan uku. A ɗaya, katunan gaske su ne rundunar Perponcher kaɗai, wato mutum 8,000 ɗin nan, kamar yadda aka yi. A na biyu an ƙara birged ɗin Kempt, na rundunar Picton, a ɓoye. A na uku an ƙara Kempt da Pack, shi ma na Picton, duka. A cakuɗa ambulan, a ɗauki ɗaya, a zazzage katunan a kife, a rarraba su a filin ba tare da an duba ba. Kati ba ya buɗuwa sai Bafaranshe ya zo kusa da shi da santimita 15 a fili, ko 5 a cikin hatsi da kurmi.

Umarni kuma a rubuce. Kowace runduna tana da ɗaya daga cikin uku: kai hari kan wuri kaza, riƙe wuri kaza, ko ja da baya. Canza shi sai an aika manzo, manzo kuma yana tafiya a kan tebur kamar kowane mahayi, in ya isa a jefa dayis a ga ko an gane saƙon. Welinton ba shi da kati sai ƙarfe 3, domin a ranar ya tafi Brye ganawa da Blücher. Isowar masu kawo wa Welinton ɗauki, wato Picton, da 'yan Brunswick na Jamus, da rundunar Alten, da dogaran Birtaniya na Cooke, kowanne yana da lokacinsa na tarihi, amma dayis na iya gaggauta shi da zagaye ɗaya ko jinkirta shi da biyu.

Sai d'Erlon na ɓangaren Faransa, mai mutum kusan 20,000, wanda ya wuni yana kai da komo tsakanin Quatre Bras da Ligny saboda umarni biyu masu karo da juna, bai harba ko harsashi ɗaya a kan Welinton ba. Shi ambulan shida na yi masa. Biyu sun ce zai iso ƙarfe 5, ɗaya ƙarfe 6:20, uku sun ce ba zai zo ba. Ba a buɗewa sai ƙarfe 4:40.

21 ga Janairu

Mahaya masu mashi, rejimanti ta 5 da ta 6. Masun roba suna karkacewa, na cire su na sa tsinken waya. Fitilar caji sabuwa, naira 9,000, domin aikin dare ne kuma wuta ba ta zama.

25 ga Janairu

Wasa na biyu, zama na farko, daga ƙarfe 2 zuwa 3:40 na agogon yaƙi.

Tun kafin in jefa dayis na ji bambanci. Na tsaya a bakin kudu, na sunkuya har idona ya yi daidai da teburin, ina kallon kati biyar a gefen kurmin Bossu, uku a bayan Gemioncourt, sauran a warwatse cikin hatsi. Umarnin da na rubuta wa Foy shi ne ya kama Gemioncourt, Bachelu ya nufi Piraumont, Piré ya shiga tsakaninsu. Babu wanda na ce wa ya nufi mararraba. Ba don ina kwaikwayon tarihi ba. In Kempt yana cikin kurmin nan, duk dunƙulen da ya bi babbar hanya haƙarƙarinsa a buɗe yake.

Zagaye biyu suka tafi wajen tura mahaya su buɗe katuna. Na farko fanko, na biyu fanko, na uku 'yan farautar Holan na bataliya ta 27, waɗanda suka yi harbi ɗaya suka ja baya. Bachelu ya shiga Piraumont ba wanda ya tare shi. A Gemioncourt kuwa aka sha wahala. Katin da ke ciki bataliya ta 5 ce ta mayaƙan sa-kai na Holan, wadda a ranar ma ita ta yi ta fama a wurin, kuma katanga tana ƙara mata 2 a kan kowace jifa. Harin farko na Foy ya koma, na biyu ya koma. Sai da aka jawo igwa gab da bango, ƙarfe 3:20, gidan ya faɗi.

A lokacin Picton ya riga ya fara jeruwa a kan hanyar Namur, ko da yake dayis ta makarar da shi da zagaye ɗaya. Jérôme, ƙanin Napoliyon, ya iso da rundunarsa, na tura shi kurmi. Katuna biyar ɗin da suka tsare ni awa ɗaya da minti 20, biyu ne kawai na gaske, 'yan Nassau na Yarima Bernhard. Ambulan na farko ne ya fito ashe. Mutum 8,000 ne, kamar a wasan gwaji, amma wannan karon sun isa.

Ana buƙatar teburin don cin abinci. Na ɗauki hoton kowane allo da waya, na zagaye mazaunin kowace bataliya da alli, na kwashe.

26 ga Janairu

Maida kaya wurinsu ya ci rabin awa. Alli ba ya kama dusar katako da kyau, hoton ne ya yi aiki. Nan gaba zan manna ƙananan lambobi a gefen allunan, kamar na taswira.

Zama na biyu, 3:40 zuwa 5. Nan ne dokar hatsi ta nuna kanta. Bataliyar da doki ya nufa tana jefa dayis don ta yi murabba'i: in ta hango shi daga nesa, komai ya fito ban da 1 ta tsira, in daga cikin hatsi ya ɓullo, sai 4 ko sama. Picton ya sauko da sahunsa ya kora Bachelu har bakin rafi, ya shiga tsakiyar gonaki, sai katin Piré ya fito. Masu mashi suka zagayo ta gefen tafki. Rejimanti ta 42, masu siket, waɗanda a ranar aka rutsa da su kafin su rufe murabba'insu har aka kashe Kanar Macara, a nan 5 ta fito musu, suka rufe a kan lokaci. Ta 44 ce ta jefa 2. Aka tarar da ita a sahu, ta watse, na ɗauke ta daga tebur. Da hannuna ne ke hukunci, na san da na nemo mata dalili.

'Yan Brunswick, waɗanda har yanzu kwali ne, sun shiga tsakanin kurmi da babbar hanya, igwar Foy ta yi musu ɓarna. Sarkinsu, Frederick William, a wannan wurin aka harbe shi a ranar. A tebur ya tsira.

Wata doka ta ba ni matsala. Na sa katin da ke yanke zagaye in ya fito, don kada kowa ya samu motsi kullum. Birged ɗin Bylandt, na rundunar Perponcher, ya yi zagaye uku a jere bai motsa ba, igwa tana dukansa. Awa guda cur mutane suna tsaye ana kashe su, wannan ya wuce hankali. Gyara: duk birged ɗin da aka tsallake sau biyu, shi zai fara a zagaye na gaba.

Tun ƙarfe 4 nake riƙe da birged na biyu na Foy a baya. Rabin ambulan sun ce d'Erlon yana zuwa, kuma in yana zuwa, babu dalilin ƙona mutane a harin da bai cika ba. A jira a haɗu a buga sau ɗaya. Ƙarfe 4:40 na yage ambulan. Ba ya zuwa. A zagayen da ya biyo baya katin Alten ya shigo ta hanyar Nivelles.

Na daɗe ina karanta yadda Ney ya fusata da ya ji an janye masa d'Erlon, ya kira Kellermann, kwamandan manyan mahayansa, ya ce ya afka wa tsakiyar Welinton da birged ɗaya tak na masu sulke, mutum wajen 800. Kullum ina ɗaukar wannan a matsayin aikin mutumin da zuciya ta ɗebe. Da na duba teburin a wannan lokaci, Jérôme ya nutse a kurmi, Bachelu ya gaji, abokan gaba suna ƙaruwa kowane zagaye, Napoliyon kuma yana jiran a kama mararraba a juyo masa Ligny, ban ga wani abin da ya rage a hannun Ney ba sai dawakan nan. Na rubuta wa Kellermann umarnin.

29 ga Janairu

Na ƙarasa fentin masu sulke kafin zama na uku, don kada su shiga a matsayin kwali. Rejimanti ta 8 da ta 11. Babu azurfa a cikin kalolina; na shafa baƙi, na goga bakin fensir a kan sulken, ya ba da ƙyallin ƙarfe daidai.

1 ga Fabrairu

Zama na uku, har ƙarshe. Kellermann ya bi gefen babbar hanya. Birged ɗin Halkett, na rundunar Alten, bai gama jeruwa ba. Ta 69, wadda a ranar aka tarar da ita ba ta cikin murabba'i har ta rasa tutar sarki, a nan ta rufe. Ta 33 ce ta kasa, ta ruga kurmi. Masu sulke suka wuce ta tsakanin murabba'i biyu suna shan wuta ta kowane gefe, suka isa mararraba da rabin ƙarfinsu. Zagaye ɗaya suka yi a kanta. Birged ɗin Foy da na ajiye yana da nisan zagaye biyu a bayansu, manzon da na aika masa kuma ya jefa 1, saƙo bai shiga ba. Igwa ta harba gwangwani daga bakin hanyar Burasels, dawaki suka juya.

Daga nan abin ya gangara. Dogaran Cooke sun iso 6:40, suka share kurmin Bossu daga arewa zuwa kudu. Ƙarfe 9, mararraba da kurmi suna hannun Welinton, Gemioncourt da Piraumont suna hannun Ney. A tarihi an ƙwace su duka kafin dare, saboda haka Faransa ta ɗan fi yin abin kirki a tebur. Bataliya biyar na ɗauke daga ɓangaren Welinton, huɗu daga na Ney, ban da masu sulke.

4 ga Fabrairu

Na sake karanta abin da na rubuta a zaman nan uku. Daga ƙarfe 2 zuwa sama, na daina ganin laifin Ney kamar da. Amma wasan nawa daga ƙarfe 2 yake farawa, kuma babbar tuhumar da ake yi masa ta safiya ce: me ya sa bai matso da Reille da d'Erlon tun da hantsi ba, alhali tun yammacin 15 ga wata mahayansa suka taɓa 'yan Nassau a kusa da ƙauyen Frasnes, kudu da mararrabar? A ɗaya ɓangaren ma, ba don Constant Rebecque, babban hafsan Yariman Orange, da Perponcher sun ƙi bin umarnin Welinton na tattaruwa a Nivelles ba, da babu kowa a mararrabar. Teburina bai gwada ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Wasa na uku zai fara ƙarfe 10 na safe. Ina buƙatar allo na huɗu a kudu don Frasnes ta shigo, da dokar jerin tafiya a kan hanya ɗaya, domin runduna biyu ba za su bi hanyar Charleroi a lokaci guda ba. Umarnin Napoliyon shi ma zai zama ambulan, ba a san lokacin isowarsa ba. Katunan ɓoye kuma zan yi wa Faransa nata, don Yariman Orange ya ɗanɗana abin da Ney ya ɗanɗana.

8 ga Fabrairu

Kuɗin da aka kashe zuwa yau: naira 218,400. Ragowar filawud ɗin da kafinta ya yanke, ƙafa 2 a 4, yana nan a shagonsa, ya ce in zo in ɗauka ranar Litinin. Wannan karon fuska biyu zan shafa wa gam tun farko. 'Yan Brunswick baƙaƙen kaya suke sawa, za su yi saurin fenti, zan yi su daga ragowar akwatin Holan. Dogaran Cooke da rundunar d'Erlon sai an sake samun mai zuwa daga waje, akwati uku aƙalla. Kafin nan za su ci gaba da zama kwali.